Burkina Faso 1985: Shekarar da Sankara ya buɗe da yafe kuɗin haya, ya rufe da yaƙi da Mali

Da asubahin Laraba 25 ga Disamban 1985, lokacin da Kiristocin Wagadugu ke barcin gajiyar addu'ar daren Kirsimeti, sojojin Mali suka afka wa sansanonin kan iyakar Burkina Faso a wurare da dama lokaci guda. Tankokin yaƙi suna tafe ta ƙasa, jiragen MiG suna shawagi a sama. Cikin kwana biyun farko bama-bamai suka sauka a Djibo da Ouahigouya, har da kasuwar garin, inda waɗanda suka mutu ba sojoji ba ne, masu saye da sayarwa ne. Kwana huɗu kacal kafin wannan rana kyaftin Thomas Sankara ya cika shekara 36 da haihuwa. Shekararsa biyu da wata huɗu a kan mulki.

Yaƙin bai wuce kwana biyar ba, amma ya girgiza Afirka ta Yamma, don ƙasashen biyu suna cikin mafiya talauci a duniya, kuma dukansu ba su gama farfaɗowa daga farin 1984 ba, wannan yunwar da mutanen karkarar Maraɗi da Damagaram suke kira El Buhari. A takarda, faɗan a kan wani zirin ƙasa ne mai suna Agacher, mai tsawon kilomita kusan 160 da faɗin da bai wuce 30 ba. Sai dai rigimar Agacher ta daɗe tana nan, kuma a lokacin tana gaban kotun duniya da yardar ɓangarorin biyu. Abin da ya mayar da ita yaƙi a wannan Disamba yana cikin abubuwan da suka faru tun daga watan Janairu, a cikin gida da kuma tsakanin Sankara da maƙwabtansa.

Kyautar sabuwar shekara

A jawabinsa na 31 ga Disamban 1984, Sankara ya sanar da cewa duk mai zaune a gidan haya ba zai biya ko dala ba a tsawon shekarar 1985. Kuɗin hayar shaguna da ofisoshi kuma za a riƙa zuba shi a asusun gwamnati maimakon aljihun mai gida. Ɗan haya ya yi murna. Mai gida ya kwana da baƙin ciki, kuma ba kowane mai gidan haya ne attajiri ba. Akwai tsohon ma'aikacin da ya gina ɗakuna biyu da kuɗin sallamarsa, akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata gidan da take ci da shi. Wannan mataki ya nuna yadda mulkin Majalisar Juyin Juya Hali ta Ƙasa, wato CNR, yake tafiya: a yanke hukunci da sauri, a sanar a rediyo, a gyara kuskuren daga baya.

Ba za a ce saurin bai haifar da alheri ba. A ƙarshen 1984, cikin mako biyu, an yi wa yara sama da miliyan biyu rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara, aikin da hukumomin lafiya na duniya suka yaba. An soke harajin kai da talakan ƙauye yake biya tun zamanin Turawa. An sayar da manyan motocin ministoci, aka ba su ƙananan Renault 5. A ranar 1 ga Fabrairun 1985 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Wagadugu zuwa Kaya, da niyyar a kai shi har Tambao inda ake da ma'adinin manganis. Masu ba da bashi na waje sun ce aikin ba zai biya kansa ba, suka ƙi sa kuɗinsu, sai gwamnati ta mayar da shi gayya: ma'aikatan ofis, ɗalibai, sojoji da mata suna fitowa bi da bi suna ɗaukar tsakuwa da ƙarfen dogo. A watan Afrilu kuma aka shelanta yaƙi da abubuwa uku, wato ƙona daji, sakin dabbobi barkatai da sare itatuwa ba bisa ƙa'ida ba.

Kuɗin duk wannan daga jikin ma'aikata aka fi tatso shi. An zabtare alawus-alawus, aka kuma wajabta wa manyan ma'aikata su bar albashin wata guda a shekara, ƙanana rabin wata, da sunan gudummawar gina ƙasa. Hujjar Sankara ita ce ma'aikatan gwamnati tsiraru ne a cikin al'umma amma su ke cinye kaso mafi tsoka na kasafin kuɗi, alhali manomi ne ke ciyar da kowa. Lissafin daidai ne. Matsalar ita ce wasu daga cikin waɗannan ma'aikata da ƙungiyoyinsu na ƙwadago suna cikin waɗanda suka nemi a saki Sankara daga tsare a watan Mayun 1983, kuma ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar ba abin rainawa ba ne: su suka kayar da shugaba Maurice Yameogo a Janairun 1966.

A ranar 28 ga Janairun 1985 wasu ƙungiyoyin ƙwadago suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kuka da tsadar rayuwa da tauye 'yancin ƙungiya. Amsar gwamnati ita ce dakatar da shugabanninsu daga aiki. Soumane Toure, jagoran ƙungiyar CSB kuma tsohon abokin tafiyar Sankara, ya tsinci kansa a tsare. Dama tun watan Maris na 1984 an kori malaman makaranta sama da 1,300 saboda yajin aiki, aka maye gurbinsu da matasan da aka horar cikin 'yan kwanaki. A watan Yunin wannan shekarar an harbe mutum bakwai da aka tuhuma da shirya juyin mulki, a watan Agusta kuma aka fitar da 'yan ƙungiyar LIPAD daga gwamnati.

Wanda ya cike gurbin duk waɗannan shi ne CDR, kwamitocin kare juyin juya hali da aka kafa a kowace unguwa, ƙauye, ofis da bariki. Mai tuna Samariyar zamanin Janar Seyni Kountche zai gane kamannin: gayya, share unguwa, tara jama'a a tarbi baƙo. Bambancin shi ne Samariya ta jingina da sarakuna, CDR kuwa an kafa ta ne don ta karɓe ikon sarakuna, kuma an ba wasu 'ya'yanta bindiga. Sun gina makarantu da ɗakunan shan magani da madatsun ruwa. Sun kuma tare hanya da dare, sun kama mutane ba bisa doka ba, wasu sun yi amfani da rigar wajen rama tsohuwar gaba. Ba abokan gaba kaɗai suka faɗi haka ba. Sankara da kansa ya zayyana waɗannan laifuka a babban taron CDR na farko a 1986.

Ke nan kafin tsakiyar 1985, gwamnatin da talakan ƙauye ke ƙauna ta riga ta ɓata da masu gidajen haya, da malaman makaranta, da shugabannin ƙwadago, da sarakunan Mosi, da wani ɓangare na 'yan gurguzun da suka ɗaga ta.

Maƙwabta sun fara tsarguwa

A waje ma haka abin yake. Felix Houphouet-Boigny na Cote d'Ivoire, wanda gonakin koko da kofi na ƙasarsa suka dogara da ƙwadagon 'yan Burkina fiye da miliyan ɗaya, bai taɓa sakin jiki da matashin kyaftin ɗin ba. A watan Fabrairu, gab da taron ƙasashen Conseil de l'Entente a Yamusukuro, bam ya tashi a ɗakin otel ɗin da aka tanadar wa Sankara kafin ya iso. Gnassingbe Eyadema na Togo yana kallon abotar Sankara da Jerry Rawlings na Ghana da idon zargi, musamman bayan bama-baman da suka tashi a Lome a watan Agusta. A Yamai, Kountche yana da nasa dalilin: Sankara na ɗasawa da Gaddafi, shi kuwa Kountche ya daɗe yana zaman doya da manja da Libiya, kuma a ƙarshen watan Mayun 1985 ne wasu 'yan bindiga suka kai hari Cintabaraden, harin da hukumomin Nijar suka danganta da 'yan adawar da ke samun mafaka a can.

Amma inda wutar ta fi ruruwa shi ne tsakaninsa da Janar Musa Traore na Mali, wanda ke mulki tun 19 ga Nuwamban 1968. Abin da ya haɗa su da farko kuɗi ne. An gano cewa kimanin sefa biliyan 6 da rabi sun salwanta daga asusun raya ƙasa na CEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashe masu magana da Faransanci da ke da hedkwata a Wagadugu, wadda Nijar ma memba ce kuma tana zuba kuɗinta. Babban wanda ake tuhuma shi ne Mohamed Diawara, ɗan asalin Mali kuma tsohon ministan tsare-tsare na Cote d'Ivoire, tare da wasu manyan jami'an ƙungiyar biyu. A irin al'adar shugabannin wancan lokaci, irin wannan magana a ɗaki ake kashe ta. Sankara, wanda shugabancin ƙungiyar ya zagayo kansa a ƙarshen 1984, ya dage sai an gurfanar da su a kotun jama'a ta juyin juya hali, irin wadda ake watsa zamanta a rediyo kowa na ji. A Bamako an ɗauki wannan a matsayin neman tona asirin na kusa da fadar shugaban ƙasa.

Daga nan aka shiga jifan juna. Da sakataren CEAO, Drissa Keita, shi ma ɗan Mali, ya soki hukumomin Wagadugu a wata hira da jarida, sai aka kore shi daga ƙasar. A watan Satumba, bayan dawowarsa daga wani taron Yamusukuro kan tsaro inda ya ji kamar shi ake nuna wa yatsa, Sankara ya tsaya gaban taron jama'a a Wagadugu ya nuna cewa juyin juya halin Burkina a shirye yake ya taimaka wa al'ummar Mali idan suna buƙata. A kunnen matasan da suka taru, wannan kirari ne. A kunnen Musa Traore, wanda baitulmalinsa ya bushe har ana yin watanni ba a biya albashi ba, kuma ɗalibansa da malamansa suna sauraron jawaban Sankara da sha'awa, wannan gayyatar tawaye ce. Duk wanda ya san yadda sojan da ya daɗe a kujera yake ji da irin wannan magana, ya san ba za ta tafi a banza ba.

Zirin ƙasar da Turawa suka bari a cukurkuɗe

Agacher yana arewacin Burkina, daga wajen Djibo zuwa gabas har inda iyakokin Mali da Burkina da Nijar suka haɗu. A ɓangaren gabas akwai kogin Beli, wanda da rani yakan tsinke ya zama jerin tafkuna, da damina kuma ya gangara ya shiga Gorouol a cikin ƙasar Nijar kafin ya faɗa kogin Isa. Mazauna wurin Fulani ne da Abzinawa da Buzaye, makiyayan da ke bin ruwa da ciyawa, su ci kasuwar Markoye yau, wani makon a gan su a Ayorou. A shekarar fari irin 1984, tafkin da bai ƙafe ba ya fi kowane arziki daraja. An yi ta yaɗa cewa ƙasar na ɗauke da ma'adinai da iskar gas, kuma wannan jita-jita ta ƙara wa rigimar zafi, amma har yau ba a ga wata mahaƙa da ta tashi a wurin da ta kai a zubar da jini dominta ba.

Tushen ruɗanin tarihin mulkin mallaka ne, kuma ya shafi Nijar kai tsaye. A watan Satumban 1932 Faransa ta rushe yankin Haute-Volta gaba ɗaya ta rarraba shi tsakanin Cote d'Ivoire, da Sudan ta Faransa wato Malin yau, da Nijar. Shekara 15 Dori da Fada N'Gourma suna ƙarƙashin gwamnan Yamai. A Satumban 1947 aka sake haɗa yankin bisa iyakokinsa na da. Sai dai a wannan daji ba a taɓa kafa turakun iyaka ba, don a wurin Bature duk gida ɗaya ne, layin da ke tsakanin kwamandan Dori da na Ansongo na sanin wanda zai karɓi haraji ne kawai. Da aka samu 'yancin kai a 1960, sai wannan layi ya zama iyakar ƙasa da ƙasa. Burkina ta riƙe taswirar Faransa, Mali ta riƙe wasu takardun gwamna da kuma hujjar cewa mutanen ƙauyukan nata ne.

An fara gwabzawa a ƙarshen 1974, zamanin Janar Sangoule Lamizana. A wannan faɗan ne sunan wani matashin laftana mai suna Thomas Sankara ya fara fitowa, bayan wani samame da ya jagoranta a bakin iyaka. Ƙungiyar OUA ta shiga tsakani, Sekou Toure na Gine ya haɗa shugabannin biyu a Konakiri a 1975, aka yi shiru ba tare da an warware komai ba. Abin lura shi ne Sankara ne, mako shida bayan hawansa mulki, ya amince a kai maganar kotun duniya da ke Hague. An sa hannu kan yarjejeniyar a ranar 16 ga Satumban 1983. A watan Afrilun 1985 kotun ta naɗa alƙalai biyar ƙarƙashin Mohammed Bedjaoui ɗan Aljeriya. Ke nan lokacin da aka fara harbi, lauyoyin ɓangarorin biyu suna tsakiyar shirya takardunsu.

Ƙidaya, sannan bindiga

Daga 10 zuwa 20 ga Disamba Burkina ta gudanar da ƙidayar jama'a, wadda ta nuna mutanen ƙasar sun kusa miliyan 8. Masu ƙidayar suka shiga ƙauyuka huɗu da ake jayayya a kansu: Dioulouna, Kounia, Selba da Douna. A wurin da ake shari'ar mallaka, ƙidaya ba ƙaramin abu ba ne, don wanda ya rubuta sunanka a littafinsa yana cewa kai nasa ne. Aka samu hatsaniya da mazauna wurin, Wagadugu ta tura sojoji da sunan kare ma'aikatanta. Bamako ta ce an mamaye mata ƙauyuka, an tilasta wa mutanenta karɓar katin shaidar Burkina. Ƙasashe maƙwabta suka sa baki, Wagadugu ta ce ta janye sojojinta, Bamako ta ce ba a janye ba.

Yadda harin ranar Kirsimeti ya gudana ya nuna an daɗe ana shirinsa. Mali ba ta tsaya a Agacher ba, ta buɗe fage a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita daga inda ake jayayya, har da ɓangaren yamma da ke fuskantar Bobo-Dioulasso, birni na biyu a ƙasar. Wannan ne ya sa hukumomin Wagadugu suka ce manufar ita ce kifar da gwamnati, suka kuma yi zargin akwai 'yan adawar Burkina da ke gudun hijira da hannun ƙasashen waje a ciki. Bamako ta musanta, ta ce ƙauyukanta kawai take ƙwatowa.

Ta fuskar kayan yaƙi ba a haɗa su. Mali na da tankoki da jiragen yaƙi ƙirar Tarayyar Sobiyet da sojoji mafi yawa. Burkina kusan ba ta da rundunar sama, kuma juyin juya halin ya riga ya sallami da yawa daga cikin tsofaffin hafsoshinta bisa zargin ba sa tare da sabuwar tafiya. Shugabannin soja huɗu na CNR, Sankara da Blaise Compaore da Henri Zongo da Jean-Baptiste Lingani, suka raba aiki a tsakaninsu. Aka yi shelar kowa ya fito, aka rarraba wa 'yan CDR makamai, aka hana kunna fitila da dare a birane. Maimakon fito-na-fito da tankoki, sojojin Burkina suka koma ƙananan rukunoni suna kai samame ta bayan abokan gaba, suka kuma kai hari ta sama a Sikasso. Gidajen rediyon ƙasashen biyu kowanne yana shelar nasara. Gaskiyar da ta fito daga baya ita ce Mali ta kame mafi yawan Agacher, Burkina kuma ta hana a kutsa cikin ƙasarta da nisa, gwamnatin ba ta faɗi ba.

Wani abin da Musa Traore bai yi tsammani ba shi ne yadda harin ya haɗa kan 'yan Burkina. Mutanen da ke fushi da CNR jiya, har da tsofaffin sojojin da aka kora, suka nemi a ba su dama su kare ƙasa. Adadin waɗanda suka mutu ya bambanta daga majiya zuwa majiya, daga kusan 60 zuwa 300, kuma Burkina ce ta fi yin asara.

Masu shiga tsakani sun yi ta karo da juna. Libiya da Najeriya, inda Janar Ibrahim Babangida bai fi wata huɗu da karɓar mulki ba, suka kawo tasu takardar tsagaita wuta. Ƙasashen ANAD, yarjejeniyar hana kai wa juna hari da aka ƙulla a Abijan a 1977 wadda ta haɗa Nijar, Mali, Burkina, Cote d'Ivoire, Senegal, Muritaniya da Togo, su ma suka kawo tasu, don Houphouet ba ya son a ce Gaddafi ne ya sasanta rikici a tsakar gidansa. Ta ANAD ce ta tsaya. Ranar Litinin 30 ga Disamba bindigogi suka yi shiru. A 10 ga Janairun 1986 kotun duniya ta umarci ɓangarorin biyu su guji duk abin da zai ƙara dagula lamarin, a ranakun 17 da 18 ga watan kuma shugabannin ANAD suka taru a Yamusukuro, inda Sankara da Traore suka gaisa gaban jama'a suka amince kowa ya janye sojojinsa.

A jawabinsa na farkon Janairu ga jama'ar Wagadugu, Sankara ya sauya murya. Ya nuna cewa babu gaba tsakanin talakan Mali da talakan Burkina, ya hana a taɓa 'yan Mali mazauna ƙasar, aka kuma mayar da fursunonin yaƙi. Bai daina zafafan kalamai kan mulkin mallaka da bashin ƙasashen waje ba, amma bai sake yi wa wani maƙwabci tayin juyin juya hali a bainar jama'a kamar yadda ya yi a Satumba ba. Shari'ar Diawara kuwa bai janye ta ba. A watan Afrilun 1986 kotun jama'a ta yanke masa ɗaurin shekara 15.

Abin da alƙalai suka yanke

Ranar 22 ga Disamban 1986, saura kwana uku yaƙin ya cika shekara, kotun Hague ta yanke hukunci. Ta dogara da ƙa'idar da shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, cewa kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar samun 'yanci. Alƙalan suka bi tsofaffin wasiƙun gwamnoni, da rahotannin rangadin kwamandoji, da taswirori masu saɓa wa juna, suka raba yankin kusan biyu. Ɓangaren yamma, inda Dioulouna take, ya tafi Mali. Ɓangaren gabas na kogin Beli ya tafi Burkina. Tafkin Soum, da babu takardar da ta fayyace mai shi, aka raba shi tsakaninsu don dabbobin kowane ɓangare su sha.

Sunan Nijar ya fito a shari'ar. Mali ta ce kotu ba ta da hurumin tsayar da ƙarshen layin ta gabas, tunda wurin ya taɓa Nijar kuma Nijar ba ta cikin ƙarar. Alƙalan suka ce za su ja layin har ƙarshensa a wajen tsaunukan N'Gouma, amma hukuncin bai ɗaure Nijar ba. Shugabannin biyu suka rubuta wa kotu cewa sun karɓa. Wannan hukunci ya zama abin da ake kafa hujja da shi a rigingimun iyaka a duniya, kuma hanyar da ya buɗe Nijar ta bi ta sau biyu: da Benin kan tsibirin Lete, inda aka yanke hukunci a 12 ga Yulin 2005, da kuma ita Burkina ɗin, a 16 ga Afrilun 2013. Duka biyun an gama su ba tare da yaƙi ba.

Waɗanda suka yi yaƙin ba su daɗe ba. An kashe Sankara tare da mutum 12 ranar Alhamis 15 ga Oktoban 1987, Compaore ya hau kujera, kuma a 1989 aka harbe Zongo da Lingani. Sai a Afrilun 2022 kotun soja a Wagadugu ta yanke wa Compaore ɗaurin rai da rai a bayan idonsa kan kisan Sankara. Kountche ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987, ƙasa da wata guda bayan Sankara. Musa Traore ya kai 26 ga Maris 1991, ranar da sojoji suka kifar da shi bayan zanga-zangar ɗalibai da ma'aikata da aka kashe mutane da dama a cikinta.

A ranar 16 ga Satumban 2023, shekara 40 cif bayan ranar da Mali da Haute-Volta suka sa hannu kan kai ƙararsu Hague, shugabannin sojan Mali da Burkina da Nijar suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gourma da ta kafa ƙawancen AES, inda suka ce harin da aka kai wa ɗaya an kai wa duka. Yankin da yarjejeniyar ta ɗauki sunansa shi ne wanda Agacher ke cikinsa. Ƙauyuka da dama na bakin Beli sun watse saboda hare-haren masu iƙirarin jihadi, waɗanda ke ƙetare layin da alƙalai suka ja a kan babura yadda suka ga dama. Djibo, da jiragen Mali suka yi wa ruwan bama-bamai a 1985, tana cikin ƙawanyar 'yan bindiga tun farkon 2022, abinci ba ya shigarta sai da rakiyar soja ko ta jirgin sama. Layin dogon da aka fara da gayya a watan Fabrairun wancan shekara ya tsaya a Kaya, kilomita kusan 100 daga Wagadugu, bai kai Tambao ba.